JOIN, EXISTS ko IN: Wace Hanya Ta Dace Wajen Haɗa Bayanan Teburori?

Duk wanda ya taɓa riƙe rumbun bayanai na makaranta, ko asibiti, ko ƙungiyar gama kai, ya san cewa abin da yake nema ba kasafai yake zama a tebur ɗaya ba. Sunayen ɗalibai suna gefe guda, kuɗin da iyayensu suka biya yana wani gefen, sakamakon jarrabawa kuma yana can daban, kuma abin da ya ɗaure su duka shi ne lambar ɗalibi wadda take bayyana a kowane tebur. Da gangan aka yi wannan rarrabuwa. Tun a 1970, lokacin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin ajiye bayanai a teburori masu alaƙa da juna, manufar ita ce a rubuta kowane bayani sau ɗaya a wuri ɗaya, sannan a haɗo su a lokacin da aka tashi yin tambaya. Harshen SQL da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gabatar a 1974 da sunan SEQUEL, ya tanadi hanyoyi da dama na yin wannan haɗi. Sau da yawa hanyoyin sukan ba da amsa iri ɗaya a kan bayanan gwaji, shi ya sa mai koyo yakan ɗauka cewa zaɓi tsakaninsu ra'ayi ne kawai, alhali suna rabuwa da zarar bayanan gaske sun shigo da maimaici da gurabe.

A ce wata makarantar kuɗi tana da tebur mai suna dalibai, wanda ginshiƙansa su ne lamba da suna da aji, da kuma tebur mai suna biya, wanda yake ɗauke da lambar rasit da lambar ɗalibi da adadin kuɗi da zangon karatu. Kuɗin zango naira 50,000 ne. Mahaifin ɗalibi mai lamba 101 ya biya sau biyu, 30,000 da farko sannan 20,000. An biya wa mai lamba 102 gaba ɗaya. Mai lamba 103 ba a biya masa ko sisi ba. Akwai kuma rasit na huɗu na naira 50,000 wanda ya shigo ta banki, amma wanda ya tura kuɗin bai rubuta lambar yaron ba, saboda haka gurbin lambar ɗalibi a wannan layin babu komai, wato abin da SQL yake kira NULL. Waɗannan layuka bakwai sun isa su fito da kusan duk bambancin da ke tsakanin hanyoyin.

Hanyar da kowa yake fara koya ita ce INNER JOIN, wadda take dawo da layukan da suka sami abokan haɗi a ɓangarorin biyu kaɗai:

SELECT d.suna, b.adadi
FROM dalibai d
INNER JOIN biya b ON b.lambar_dalibi = d.lamba;

Amsar layi uku ce: biyu na 101, ɗaya na 102. Ɗalibi 103 ya ɓace domin ba shi da rasit, rasit na huɗu ma ya ɓace domin ba shi da ɗalibi. Idan abin da ake so shi ne a buga jerin rasit tare da sunan mai kowanne, babu hanyar da ta fi wannan, domin JOIN ne kaɗai daga cikin hanyoyin da ake kwatantawa yake ba da damar ɗauko ginshiƙai daga teburori biyu a jera su a layi guda. Sai dai dole a lura cewa 101 ya fito sau biyu. JOIN yana haifar da layi ɗaya ga kowace haɗuwa, saboda haka wanda ya ƙirga layukan da nufin sanin yawan ɗaliban da suka biya zai sami uku, alhali su biyu ne.

Wannan maimaici yakan zama ɓarna ta gaske idan tebur na uku ya shigo. A ce akwai tebur na littattafan da kowane ɗalibi ya karɓa, kuma 101 ya karɓi guda uku. Idan aka haɗa dalibai da biya da littattafai a tambaya ɗaya, rasit biyu na yaron za su auri littattafansa uku, su haifi layi shida, kuma SUM na adadin kuɗi, wato jimillarsu, zai nuna naira 150,000 maimakon 50,000. Na taɓa zama da ma'ajin wata makaranta wanda rahotonsa ya nuna kuɗin da ya ninka abin da ke asusun banki, har hankalinsa ya tashi yana zaton an yi sama da faɗi da kuɗin, ashe tambayar da aka rubuta masa ce take ƙirga kowane rasit sau da yawa. Maganin da mutane suke saurin kai hannu gare shi shi ne DISTINCT, mai share maimaici, kuma a ganina wannan rufa-rufa ce. SUM(DISTINCT adadi) zai ba da amsa daidai ga 101 saboda 30,000 da 20,000 sun bambanta, amma mahaifin da ya biya 25,000 sau biyu za a rubuta masa 25,000 kacal. Abin da ya dace shi ne a tara kuɗin kowane ɗalibi tukuna a ƙaramar tambaya mai GROUP BY, ta yadda kowane ɗalibi zai zama layi ɗaya, sannan a haɗa wannan sakamakon da sauran teburori.

Kafin ma'aunin SQL na 1992 ya kawo kalmar JOIN a fili, ana jera teburori ne da waƙafi bayan FROM, a sa sharaɗin haɗi a cikin WHERE. Salon yana aiki har yau, kuma saurinsa ɗaya da na INNER JOIN, amma wanda ya manta sharaɗin ba zai ga saƙon kuskure ba: ɗalibai 800 da rasit 2,000 za su ba shi layi 1,600,000. Wannan kaɗai ya isa dalilin barin salon. Haka ma NATURAL JOIN, wanda yake haɗa teburori ta duk ginshiƙan da sunansu ya zo ɗaya, domin ranar da wani ya ƙara ginshiƙi mai suna kwanan_wata a teburorin biyu, tambayar za ta canza ma'ana ba tare da an taɓa ta ba.

LEFT JOIN yana riƙe duk layukan teburin hagu, wato wanda aka fara ambata bayan FROM, ko sun sami abokan haɗi ko ba su samu ba, ya cike guraben dama da NULL. A misalinmu 103 zai fito da gurbin kuɗi babu komai, kuma wannan shi ne abin da shugaban makaranta yake so idan ya ce a kawo masa jerin kowane ɗalibi da abin da ya biya. Tarko biyu ne a nan, kuma ƙwararru ma sukan faɗa cikinsu. Na farko shi ne wurin da ake ajiye sharaɗi. Idan ana son biyan zango na biyu kaɗai, aka rubuta WHERE b.zango = 2, to duk ɗalibin da bai biya ba zai sake ɓacewa, domin zangonsa NULL ne kuma NULL ba ya cika sharaɗin, sai LEFT JOIN ɗin ya koma INNER JOIN a ɓoye. Wurin wannan sharaɗi shi ne cikin ON, tare da sharaɗin haɗi. Tarko na biyu yana wajen ƙirge: COUNT(*) zai ce 103 yana da rasit ɗaya, saboda layin da aka cike da NULL ma layi ne, amma COUNT(b.lambar_rasit) zai ba da sifili, wanda shi ne gaskiya.

RIGHT JOIN ba shi da wani abin da LEFT JOIN bai iya ba, juya teburorin kawai ake yi. FULL OUTER JOIN kuwa yana da aikinsa na musamman, wato daidaita lissafi tsakanin wurare biyu, kamar rasit na makaranta da takardar bayanin asusu daga banki, inda ake son ganin abin da ya dace da abin da ya yi saura a kowane ɓangare. Shi ne zai nuna 103 da rasit na huɗu a amsa guda. Sai a tuna cewa ba kowace manhaja ce take da shi ba. PostgreSQL da Oracle da SQL Server suna da shi, SQLite ya samu a sigar 3.39 ta 2022, amma MySQL da Microsoft Access ba su da shi. Mai aiki da su sai ya rubuta LEFT JOIN, ya ɗora masa da UNION ALL tambaya ta biyu wadda za ta kawo layukan dama marasa abokan haɗi.

Akwai tambayoyin da ba sa buƙatar komai daga tebur na biyu illa sanin cewa akwai wani abu a can. Su wane ne ɗaliban da suka biya wani abu? Ba a nemi adadi ba, ba a nemi lambar rasit ba. A nan EXISTS ya fi JOIN dacewa:

SELECT d.suna
FROM dalibai d
WHERE EXISTS (SELECT 1 FROM biya b WHERE b.lambar_dalibi = d.lamba);

Ɗalibi 101 zai fito sau ɗaya ko da rasit ɗinsa goma ne, domin EXISTS amsarsa e ko a'a ce, ba ya ninka layi, kuma manhajar tana iya daina nema da zarar ta ci karo da rasit na farko. Ana iya rubuta wannan tambayar da IN, wato WHERE d.lamba IN (SELECT lambar_dalibi FROM biya), kuma amsar iri ɗaya ce. An daɗe ana faɗa wa masu koyo cewa EXISTS ya fi IN sauri, kuma maganar tana da asali, domin kafin sigar 5.6, MySQL yakan sake gudanar da ƙaramar tambayar IN ga kowane layi na teburin waje. A manhajojin yanzu, ɓangaren da yake tsara yadda za a gudanar da tambaya yakan mayar da su biyun zuwa tsari guda, kuma PostgreSQL ya inganta yadda yake tafiyar da EXISTS tun sigar 8.4 ta 2009. Zaɓi a nan ya koma ga sauƙin karatu. IN ya fi gajarta idan ginshiƙi ɗaya ake kwatantawa, EXISTS ya fi sauƙi idan sharaɗin ya ƙunshi ginshiƙai biyu ko fiye, kamar lambar ɗalibi da zango, musamman a manhajojin da ba sa karɓar ginshiƙai biyu a cikin IN.

Inda hanyoyin suka rabu ƙwarai shi ne akasin wannan tambaya, wato neman waɗanda ba su da abokan haɗi, kuma ita ce tambayar da ta fi tsada idan aka yi kuskure: su wane ne ba su biya ba, waɗanne majinyata ne ba su dawo ba, waɗanne kaya ne ba a taɓa sayarwa ba. Abin da hankali yake fara kawowa shi ne a sa NOT a gaban IN:

SELECT suna FROM dalibai
WHERE lamba NOT IN (SELECT lambar_dalibi FROM biya);

Ana sa ran 103 zai fito, amma amsar ba ta da layi ko ɗaya. Dalilin yana cikin rasit na huɗu. A SQL, hukuncin kwatance iri uku ne: gaskiya, ƙarya, da kuma ba a sani ba, kuma duk kwatancen da NULL ya shiga cikinsa yana faɗawa na ukun. Manhajar tana karanta sharaɗin ne kamar haka: 103 ba 101 ba ne, kuma ba 102 ba ne, kuma ba NULL ba ne. Biyun farko gaskiya ne, na ƙarshen ba a sani ba, kuma WHERE ba ya barin layi ya wuce sai hukuncinsa ya zama gaskiya tsantsa. Idan aka duba da kyau, manhajar ba ta yi laifi ba, domin wannan kuɗin da ba a san mai shi ba yana iya zama na 103 ɗin. Abin tsoron shi ne babu wani gargaɗi da zai fito. Tambayar tana iya yin shekara tana aiki daidai, sai ranar da NULL ɗaya ya shiga teburin, rahoto ya fara cewa kowa ya biya. Ga kuma matsalar sauri: PostgreSQL ba ya iya mayar da NOT IN zuwa tsarin da yake amfani da shi ga NOT EXISTS, kuma idan sakamakon ƙaramar tambayar ya fi ƙarfin ma'adanar wucin gadi da aka ware wa aikin, tambayar takan koma tafiyar hawainiya. Ni dai ba na amfani da NOT IN sai da jerin da na rubuta da hannuna, kamar lambobin azuzuwa uku da nake son cirewa.

NOT EXISTS ba shi da wannan lahani, domin abin da yake tambaya shi ne ko akwai layin da ya cika sharaɗi, kuma layin NULL bai cika ba, saboda haka 103 zai fito. Hanya ta biyu mai kyau ita ce LEFT JOIN tare da WHERE b.lambar_rasit IS NULL, wadda ita ce Microsoft Access yake rubuta wa mutum idan ya yi amfani da mataimakinsa na neman layukan da ba su dace ba. Amsarsu ɗaya ce da sharaɗin cewa ginshiƙin da aka gwada da IS NULL ba ya taɓa zama fanko a layin da ya sami abokin haɗi, kamar babban mabuɗi, wato ginshiƙin da ke bambance kowane layi irin su lambar rasit, ko ginshiƙin da aka yi haɗin da shi. Wanda ya gwada ginshiƙin zango, alhali akwai rasit ɗin da ba a cike musu zango ba, zai sa waɗanda suka biya cikin jerin masu bashi. Na fi son NOT EXISTS saboda yana faɗin nufinsa a fili, wanda zai gaji aikin bayan shekara biyu ba sai ya tsaya yana warware dabara ba. Akwai kuma EXCEPT, wanda Oracle ya daɗe yana kira MINUS kuma MySQL bai samu ba sai a sigar 8.0.31. Yana da kyau wajen kwatanta jeri biyu masu siffa ɗaya, yana ɗaukar NULL biyu a matsayin abu guda, yana kuma share maimaici, amma ginshiƙan da aka kwatanta kaɗai yake dawowa da su, don haka zai ba da lambar 103 ba tare da sunansa ba.

Game da sauri, salon rubutu bai kai fihirisa tasiri ba, wato jerin da manhajar take ajiyewa a gefe domin gano layi ba tare da bin tebur gaba ɗaya ba. Manhajar tana da dabaru uku na gudanar da haɗi: ta bi layukan tebur ɗaya tana leƙa ɗayan ga kowane layi, ko ta zuba ƙaramin teburin a ma'adana cikin tsarin da ake gano abu nan take sannan ta bi babban sau ɗaya, ko ta jera su biyun bisa mabuɗi ta bi su kafaɗa da kafaɗa. Ita take zaɓa, ba mai rubutu ba, kuma MySQL bai sami dabara ta biyun ba sai a sigar 8.0.18 ta 2019. Dabarar farko tana gudu idan ginshiƙin lambar_dalibi na teburin biya yana da fihirisa, tana rarrafe idan babu. MySQL, a injinsa na InnoDB, yana ƙirƙiro wannan fihirisa da kansa idan aka ayyana ginshiƙin a matsayin mabuɗin da ke nuni ga wani tebur, amma PostgreSQL ba ya yi, sai mutum ya gina da hannunsa. Kafin a yi gardama a kan wace hanya ta fi sauri, a sa EXPLAIN a gaban kowace tambaya a ga tsarin da manhajar ta zaɓa, domin sau da yawa za a tarar tsari ɗaya ne.

Duk abin da ya gabata ya dogara ne da cewa mabuɗin da ke teburorin biyu iri ɗaya ne, kuma a aikace nan ne wahalar take. Lambar waya da aka rubuta da sifili a farko a tebur ɗaya, da +234 a ɗayan, ba za ta taɓa haɗuwa ba, kuma idan bayanan sun biyo ta Excel a matsayin adadi, sifilin farkon ya riga ya faɗi. Lambar NIN da ta BVN kowacce lamba 11 ce, sun fi ƙarfin ginshiƙin INT na yau da kullum wanda iyakarsa 2,147,483,647, kuma tunda ba lissafi ake yi da su ba, gara a ajiye su a matsayin rubutu a teburorin biyu. A gyara irin waɗannan sau ɗaya a ginshiƙi mai tsabta mai fihirisa, domin idan aka naɗe ginshiƙin cikin aikin gyara a cikin ON, manhajar takan kasa amfani da fihirisar da ke kansa.

Idan babu mabuɗi sam, sai suna, to an fita daga abin da alamar daidai take iya yi. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a rajista, Mohammed a banki, Muh'd a katin asibiti, kuma idan takardunsa daga Maraɗi ko Damagaram suka fito, Usman ya zama Ousmane, Abubakar ya zama Aboubacar. Haruffa masu ƙugiya ma suna da nasu: a tsarin Unicode, ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu, ba k da d da b masu ɗauke da alama ba, saboda haka Ɗanladi da Danladi suna iya ƙin haɗuwa sai an musanya harafin da gangan. SOUNDEX, wanda yawancin manhajoji suke da shi, tsoho ne tun 1918 kuma don sunayen Turanci aka tsara shi. Yana riƙe harafin farko yadda yake, don haka Usman da Ousmane ba za su sami lamba ɗaya ba. Ma'aunin Levenshtein, mai ƙirga yawan haruffan da za a canza kafin suna ya koma wani, ya fi shi amfani, haka ma ƙarin pg_trgm na PostgreSQL mai kwatanta guntayen haruffa uku-uku. Amma ko su kada a bar su su yanke hukunci. Tsakanin Aminu da Amina harafi ɗaya ne, tsakanin Hassana da Hussaina biyu, kuma waɗannan tagwayen sunan mahaifinsu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya, adireshinsu ɗaya, lambar wayar da aka ba makaranta ma ɗaya. Abin da irin wannan tambaya za ta fitar jerin zato ne da mutum zai zauna ya duba da idonsa, kuma duk haɗin da ya tabbatar sai a rubuta shi a ƙaramin tebur mai ginshiƙi biyu, lambar wannan gefe da lambar wancan, wanda daga ranar za a riƙa yin JOIN ta kansa.